Gwiwoyin samarinmu masu tseren keke da abin da ke ƙarƙashin takalminsu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da dukkan ma'aikatan wannan jarida mai farin jini, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan wani ɗan abu da bai kai tafin hannun jariri ba, amma a idona ya sauke samari uku daga kan keke cikin shekara guda.

Ni mai gyaran keke ne a Kano, sana'ar da na gada, kuma na yi tsere a ƙuruciyata. Yanzu gemu ya yi fari, amma har gobe duk ranar Lahadi bayan sallar asuba muna fita hanyar Wudil da samari, kilomita 40 da 'yan kai, mu juyo kafin rana ta buɗe. A da ba mu fi a ƙirga mu da yatsun hannu ba. Tun da yaran nan suka ga Biniam Girmay ɗan ƙasar Eritiriya ya ci zango uku a Tour de France, babban tseren keke na Faransa, a 2024 ya kuma koma gida da koriyar riga, wadda ake bai wa wanda ya fi tara maki, sannan aka yi gasar duniya ta tseren keke a kan titi a Kigali a watan Satumban 2025, karo na farko a nahiyar Afirka, sai ayarinmu ya cika. Na yi murna ƙwarai. Kowane yaro so yake ya yi shiga irin ta manya, sai ya tara kuɗi ya je gwanjo ya sayo takalmin tsere, ya samo feda mai kama ƙafa, ya koma ɗakinsa ya ɗaura abin da muke kira kilit shi kaɗai, ba wanda ya nuna masa. Daga nan matsalar take farawa.

Ga wanda keken da ya sani bai wuce Rali ko Fonis ba, bari in yi bayani. Takalmin tsere tafinsa tauri gare shi kamar katako, kuma akwai ramukan noti a ƙarƙashinsa. A nan ake ɗaure kilit, wani ɗan faranti na roba mai tauri ko na ƙarfe. Idan ka taka feda sai ka ji ƙas, ta cafke shi, ƙafarka da keke sun zama abu ɗaya, kuma ba za ta sake ka ba sai ka murɗa diddige waje. Kamfanin Look na Faransa, wanda asalinsa maɗaurin takalmin masu zamiya a kan ƙanƙara yake ƙerawa, shi ya fito da irin wannan feda a 1984, da Bernard Hinault ya ci Tour de France da ita a 1985 kuwa sai kowa ya bi sahu. Amfaninta a fili yake: ƙafa ba ta zamewa ko da ruwa ake yi, ko ka miƙe tsaye kana hawan tudu. Sai dai a kan fedar Fonis, idan ƙafa ta ji ba daɗi gyara zamanta take yi ba tare da mai ita ya sani ba. A kan wannan kuwa, inda ka ɗaure ta nan za ta zauna, ko daidai ko a karkace.

Ɗan tsere yana juya feda kamar sau 90 a minti ɗaya. A awa ɗaya sau 5,400 ke nan. Zuwa Wudil da dawowa, in ka ce awa uku, kowace gwiwa ta lanƙwashe ta miƙe sama da sau 16,000. Karkatar da ido ba zai lura da ita ba, in aka maimaita ta sau dubu goma sha shida a safiya ɗaya, mako bayan mako, dole gwiwa ta yi magana.

Cikin ukun da na ambata akwai ɗan maƙwabcina, yaro mai shekara 17, mai ƙarfin ƙafa irin wanda na daɗe ban gani ba. Ya yi wata biyu ban gan shi a hanya ba. Da na tambaya sai mahaifinsa ya ce sanyin ƙashi ne ya kama shi, an shafa man zafi, an sha jiƙo, har an kai shi wajen mai ɗori ya murza, kuma ya hana shi hawan keken gaba ɗaya. Na ce, Malam, turo min shi shago, ya zo da takalmin.

Da ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, na ce ya nuna min da yatsa inda yake masa ciwo. Ya ɗora yatsa a gefen gwiwar dama ta waje. Ya ce, "Baba, in ina tafiya a ƙasa lafiya lau, amma da na yi kamar rabin awa a kan keke sai in ji kamar ana soka min allura." Na kifa takalmin. Jan kilit na kamfanin Shimano ne, an tura shi can gaba iya inda ramin ya tsaya, an kuma daidaita shi ɗoɗar da tsakiyar takalmin kamar da ma'auni aka yi. Na ce wa ya ɗaura maka? Ya ce, "Ni ne, Baba. Na ga ja manya suke sawa." Na ce tashi ka taka zuwa bakin titi ka dawo. Yaron nan tafiya yake yatsunsa na kallon waje, na dama ma ya fi na hagu buɗewa. Haka Allah ya halicce shi, kuma haka mutane da yawa suke. Shi kuwa ya kama wannan ƙafa ya ɗaure ta tana kallon gaba sak, da kilit ɗin da ba ya bari ta motsa ko kaɗan. Murɗar da idon sawu ya kasa yi, gwiwa ce ta riƙa biyanta.

Launin kilit ba ado ba ne, kuma wannan ne abu na farko da nake so kowane yaro ya sani. Launi yana faɗin yawan wasan da diddige zai iya yi hagu da dama kafin feda ta saki ƙafa. A na Shimano mai noti uku, ruwan ɗorawa yana da wasan digiri 6, shuɗi digiri 2, ja kuwa ba shi da wasa sam. A na Look Keo, ruwan toka digiri 4.5, ja digiri 9, baƙi ne marar wasa. Ka ga ja a wannan kamfani shi ne mafi sakewa, a wancan kuma shi ne mafi ɗaurewa, sai yaro ya ji an ce "sayi ja" ya sayo wanda zai kashe masa gwiwa. Kuma duk da sun yi kama a ido, kilit ɗin Look ba na fedar Shimano ba ne, na Shimano ba na Look ba ne. Na sha ganin an cusa wani a wani da ƙarfi, ya shiga rabi da rabi, ya ƙwace a tsakiyar gudu. Ƙwararren da ka gani da marar wasa, akwai masanin da ya zauna ya auna masa ƙafa kafin a ɗaure. Wanda bai da wannan gata ya fara da ruwan ɗorawa ko ruwan toka. Ni kaina, bayan duk shekarun nan, ruwan ɗorawa nake sawa.

Lokacin da na fara tsere ba mu da waɗannan. Feda ce mai ɗan kwandon ƙarfe a gaba da igiyar fata da ake zuge ƙafa da ita, kilit ɗin kuma da ƙusa ake buga shi a tafin takalmin fata. Dattijon da ya koya min, Allah ya jiƙansa, ba ya yarda a buga ƙusa ranar da aka sayi takalmi. Sai ya ce ka je ka yi ta hawa da shi haka nan har bakin feda ya zana layi a jikin fatar. Idan layin ya fito sosai sai ya karɓi takalmin ya buga kilit a kan wannan layi daidai. Sau da yawa layin dama da na hagu ba sa zama iri ɗaya, kuma ba ya gyara su su daidaita, yadda ya same su haka yake bi. A lokacin gani nake ɓata lokaci ne. Sai da na girma na gane ƙafar yake bari ta faɗi inda take so ta zauna. Takalmin yanzu ba ya ɗaukar zane, shi ya sa dole mu tambayi ƙafar ta wata hanya.

Ga yadda na yi wa yaron, kuma haka nake yi wa kowa. Na ɗora shi a kan teburin shago, ƙafafunsa na reto ba sa taɓa ƙasa, na ce ya saki jiki ya ɗan sunkuyo gaba kamar yana riƙe da kan keke. Sai na tsaya a gabansa na duba inda kowace ƙafa ta fuskanta. Ta hagu ta ɗan buɗe kaɗan, ta dama ta buɗe sosai. Wannan zaman shi ake so a samu a kan feda. A nan mutane suke rikicewa, don takalmin a kife yake a hannunka, komai ya juye. Idan kana so yatsu su kalli waje, diddige ya matso kusa da keke, to hancin kilit zai karkata wajen babban yatsa. Kaɗan ake juyawa, a hau a gwada, a sauko a ƙara. Alamar an dace ita ce, kana cikin tuƙi ka ji diddigenka yana da sauran wasa ta ciki da ta waje. In ka ji yana jingine da iyaka ta gefe ɗaya kullum, yana tura ta, to ƙafar tana neman wurin da ka hana ta. Sai dai a kula kada diddige ya riƙa gogar ƙarfen feda ko jikin firam.

Sai maganar gaba da baya, wadda a ganina an fi yin kuskure a kanta. Yaro ya sa takalmin ya ɗaure, na manna salatif na takarda a gefe da gefe, na laluba da yatsa har na sami ƙashin da ya kumburo a gindin babban yatsa na sa alama da biro, na zaga waje na sami na gindin ƙaramin yatsa shi ma na sa alama. Na waje kullum ya fi na ciki komawa baya. A gefen kilit akwai ɗan tsagi da ke nuna inda sandar feda za ta bi, to wannan tsagi a tsakanin alamomin nan biyu ake so ya faɗa. An daɗe ana koya mana cewa a sa shi daidai ƙarƙashin gindin babban yatsa, kuma samari har wuce nan suke yi, wai sun fi jin ƙarfi idan da yatsu suke taka feda. Abin da suke samu shi ne sha-raɓa ta ɗaure, agara ta yi tsami, tafin ƙafa ya ɗau zafi kamar an taka garwashi, yatsu su mutu tun kafin a kai Wudil. Duk tazarar da ka ƙara tsakanin idon sawu da sandar feda, sha-raɓa ce za ta yi aikin riƙe ta. Mai gudun gajeren zango a zagayen tseren keke na Abuja, wanda aka gina don wasannin Afirka na 2003, yana da hujjar matso da nasa gaba kaɗan, tserensa na 'yan daƙiƙoƙi ne. Mu masu doguwar hanya cikin zafin Kano, gara kilit ya yi baya da ya yi gaba. Na mayar wa yaron nasa baya kusan milimita 10.

Wanda ya mayar da kilit baya da yawa haka ya tuna da abu biyu. Ƙafarsa ta zama kamar ta ɗan gajarta, don haka sirdi zai sauko da 'yan milimitoci. Kuma hancin takalmi ya ƙara matsawa kusa da tayar gaba, yana iya taɓa ta idan aka karya kwana a hankali, musamman a ƙaramin firam.

Akwai kuma motsi na gefe. In ka tura kilit wajen cikin takalmi, ƙafa ta yi nesa da keke. In ka tura shi waje, ta matso. Ina tsayawa a gaban mutum yana tuƙi a jingine da bango yana juya feda baya, in duba ko gwiwarsa tana sauka a kan ƙafarsa ko tana fita waje kamar mai hawan jaki. Mai faɗin ƙugu yawanci sai an buɗa masa.

Ba na so a fahimce ni cewa duk ciwon gwiwa daga kilit yake. Ciwon gaban gwiwa sau da yawa sirdi ne ya yi ƙasa, ko yaro yana tura giya mai nauyi don a ce yana da ƙarfi. Ciwon bayan gwiwa kuma sirdi ne ya yi sama. Na gefe, ciki ko waje, shi ne yake sa in fara kifa takalmi. Gwiwar da ta kumbura, ko take ƙullewa, ko take ciwo ko ba a hau keke ba, wannan ta fi ƙarfin mai gyaran keke, asibiti za a je. Haka wanda ya taɓa karaya ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, akwai 'yar shimfiɗa da ake sawa tsakanin takalmi da kilit, amma likitan ƙashi ne zai faɗi kaurinta.

Noti kuma, don Allah a shafa masa giris kafin a ɗaure. Gumi da ruwan damina suna sa shi tsatsa ya kafe, ranar canji sai an kawo min in fasa da diril, wani lokaci takalmin ya tafi a banza. Da alanki, wato ɗan makullin noti mai kusurwa shida, mai lamba 4 ake ɗaurewa, ana zagayawa kaɗan-kaɗan daga wannan noti zuwa wancan don kada kilit ya goce daga inda aka sa shi. Shimano ta rubuta a takardarta ƙarfin ɗaurin ya zama niyuton-mita 5 zuwa 6. Mu da ba mu da ma'aunin, a ɗaure har ya kama gam, ba sai an hau kansa da dukkan jiki ba. Bayan hawa biyu ko uku a sake dubawa. Na taɓa ganin mutum noti ɗaya ya faɗi daga kilit mai noti biyu, ya murɗa diddige takalmin ya juya amma kilit ya zauna a cikin feda, ya kasa cire ƙafa har ya kife a gefen titi. Allah ya tsare babu mota a bayansa. Idan an samu zaman da ya yi daidai, a zagaye kilit ɗin da alƙalamin maka a tafin takalmi, ranar da ya cinye sai a ɗora sabo a cikin zanen.

Cinyewa kuwa da wuri yake yi a wurinmu. Kilit mai noti uku roba ce, kuma a waje take, ita ke taka ƙasa. Yaro zai sauka ya taka tsakuwa da shi zuwa wajen mai shayi, ya taka zuwa bakin masallaci, ya tura keke a cikin yashi. Wata kaɗan sai ka ga launin da ke kusurwoyinsa ya shafe, ya fara rawa a cikin feda ko ya ƙwace lokacin da aka miƙe tsaye, wanda shi ne faɗuwa mafi muni. Na gwanjo da ke zuwa manne da takalmi yawanci ya riga ya mutu, kuma an ɗaura shi ne don ƙafar wani Bature da ba ka taɓa gani ba. A kwance shi a jefar. Ni silifas nake sokawa a aljihun bayan riga. Kuma shawarata ga mai farawa, ya nemi irin SPD mai noti biyu da Shimano ta fito da shi a 1990 don masu hawan daji. Ƙarfe ne, a lotse yake cikin tafin takalmi, ana tafiya da shi kamar kowane takalmi, yana jure yashi da taɓo, yawancin fedarsa kuma ta kowane gefe ake shiga. Samari suna raina shi wai ba na 'yan titi ba ne. A hanyoyinmu, inda kwalta takan ƙare ba sallama, ni ban ga wanda ya fi shi ba.

Kada kuma a fita titi ranar farko. A jikin feda akwai ɗan noti mai alamar ƙari da ragi, a sassauta shi zuwa ƙarshe. A jingina da bango a shiga a fita sau hamsin kowace ƙafa, sannan a je fili. A saba cire ƙafa tun kafin a tsaya, kuma ni ta dama nake koya musu su fara cirewa, don in jiki ya rinjaya ya rinjaya wajen gefen titi. Wanda ya san yadda ɗan adaidaita sahu yake tsayawa ba sigina ya san dalilina.

Kirana ga masu horar da 'yan tsere a jihohinmu da manyan kowane ayari shi ne, duk yaron da ya zo da sabon takalmi a zaunar da shi a kifa takalmin a duba kafin a bar shi ya bi sahu. Minti ashirin ne da alanki da salatif. 'Yan'uwana masu gyara da masu sayar da kaya kuma, mu daina miƙa wa yaro kilit a leda mu karɓi kuɗi mu juya baya. Mu tambaye shi wace feda gare shi, mu faɗa masa ma'anar launin. Iyaye ma, in yaro ya ce gwiwa, a tambaya me ya canza a kekensa kwanan nan kafin a ce sanyi ne.

Ɗan maƙwabcin nawa na sa masa ruwan ɗorawa, na ce ya huta mako biyu cur, sannan ya fara da rabin awa a giya marar nauyi. Ya dawo sau biyu muna ƙara juya na dama kaɗan-kaɗan. Sai da na je da kaina na zauna da mahaifinsa a zaure na nuna masa tsohon kilit da sabo kafin ya yarda ya sake shi. Lahadin da ta wuce shi ya ja mu tun daga Mariri har gadar Wudil. Sauran biyun, ɗaya ya sayar da kekensa ya sayi waya, ɗayan kuma har yanzu ina aika masa ya kawo min takalminsa bai zo ba. In yana karanta wannan, ko wani ya karanta masa, shagon yana nan inda ya sani, kuma ba zan karɓi ko sisi ba.

Na gode, Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Mai gyaran keke kuma tsohon ɗan tsere,
Kano.